Raddi ga masu cewa ba a gina hoton faifai sai da ikon root

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu harkar kwamfuta a garin Jos, tun daga masu gyara na Kwararafa da Taminus da titin Ahmadu Bello har zuwa ɗaliban jami'a na titin Bauchi da Naraguta. Cewa ake yi duk wanda zai harhaɗa babbar manhaja irin ta Linux, ya zuba ta cikin fayil guda da za a kwafa a filash ko memori a tayar da wata na'ura da shi, to sai yana riƙe da ikon root, wato cikakken ikon mai gudanar da kwamfutar da yake aiki a kanta. In ba a ba shi kalmar sirri ba, sai ya haƙura, aikin ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa za ka ga yaro ya buɗe baƙin allo, kafin ya rubuta komai sai ya fara da sudo, don haka ya taso ya ga ana yi.

Masu wannan magana ba baƙin sana'a ba ne. Akasarinsu magabata ne da suka sha wahalar koyon Linux a zamanin da intanet ke da tsada da nauyi, kuma su ne suka koyar da na bayansu. Hujjarsu ma ba shaci-faɗi ba ce, a aikace suka gani. Sai dai girmama malami bai hana a gaya masa inda zance ya sauya ba. Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne: gina hoton faifai rubuta fayil ne, rubuta fayil a cikin foldarka kuwa ba ya bukatar izinin kowa. Tsohuwar hanyar aiki ce ta jawo neman ikon root, kuma an daɗe da samun hanyoyin da suka raba mu da wannan bukata.

Inda maganar ta samo asali

Adalci ne a fara da hujjar masu maganar. Hoton faifai, wanda 'yan sana'a ke kira imej, fayil ne da ke ɗauke da duk abin da za a samu a kan faifai: jadawalin rabe-rabensa, tsarin da ake jera fayiloli a kowane kashi, da fayilolin kansu. A tsohuwar hanya, mai gini zai tanadi fayil maras komai, ya roƙi kanel, wato zuciyar Linux, ta ɗauke shi a matsayin faifai na gaske, ya tsara shi, sannan ya maƙala shi a jikin wata folda ya riƙa kwafa kaya ciki. A wannan tafiya akwai ƙofofi huɗu da ba a buɗe wa gama-garin mai amfani. Ta farko ita ce haɗa fayil da na'urar madauki da umarnin losetup, da maƙala shi da umarnin mount. Ta biyu ita ce sauya mai fayil da chown, domin a cikin kowace Linux akwai fayilolin da dole su zama mallakar root, kamar /etc/shadow inda ake ajiye sirrin kalmomin shiga. Ta uku ita ce ƙirƙirar fayilolin na'urori da mknod, irin su /dev/null da /dev/console. Ta huɗu ita ce shiga cikin sabon ginin da chroot domin a girka ƙunshe-ƙunshen manhaja daga ciki.

Duk wanda ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan ba tare da iko ba, na'ura za ta ce masa ba a yarda ba. Ya sa sudo a gaba, aiki ya tafi. Idan mutum ya ga haka ya maimaitu shekara da shekaru, ba laifinsa ba ne in ya yanke hukuncin cewa aikin kansa ne ke bukatar iko. Ga shi kuma sanannun kayan aiki sun ƙarfafa masa gwiwa: debootstrap na Debian a yadda aka saba gudanar da shi, da live-build, da pi-gen da ake gina manhajar Raspberry Pi da shi, duk da ikon root aka san su. A ɓangaren Windows ma, wanda shi ne abincin yau da kullum na shagunan garin nan, manhajar DISM ba ta taɓa imej sai an buɗe ta da ikon mai gudanarwa.

Inda kuskuren yake

Kuskuren shi ne haɗa abubuwa biyu da suka sha bamban: iko a kan kwamfutar da kake zaune a gabanta, da bayanin iko da ake rubutawa a cikin hoton. A tsarin Unix da Linux, root ba komai ba ne face mai amfani mai lamba 0. Idan aka ce fayil mallakar root ne a cikin tsarin ext4, ma'anarsa ita ce a wani ɗan gurbi na bayanan fayil ɗin an rubuta sifili. Fayil ɗin /dev/null a kan faifai ba shi da wani sirri: alama ce mai cewa wannan na'ura ce, sai lambobi biyu, 1 da 3. Shi kansa tsarin ext4, babban bayaninsa yana farawa ne bayan bayit 1024 daga farkon kashi, kuma ana gane shi da wata sananniyar lamba, EF53. Tsohon jadawalin rabe-raben faifai yana cikin bayit 512 na farko. Dukkan waɗannan lambobi ne, kuma duk mai ikon rubuta fayil a foldarsa yana iya rubuta su.

Telan da ke ɗinka alkyabbar sarki ba sai an naɗa masa rawani ba. Sarautar tana tabbata ne a ranar da mai ita ya yafa rigar a fada. Haka sifilin da ka rubuta a cikin hoto ba ya ba ka ikon komai a kwamfutar da kake aiki. Yana zama iko ne ranar da wata na'ura ta tashi da wannan hoto, kanel ɗinta ta karanta lambar ta yi aiki da ita.

Abin da ya sa tsohuwar hanya ke neman root shi ne, kanel take ɗorawa aikin rubuta lambobin. Ita kuwa kanel, da zarar ka ce ta maƙala faifai ko ta sauya mai fayil a kan na'ura mai rai, dole ta tambayi matsayinka, domin abin zai iya shafar sauran masu amfani. In ka ɗauke mata wannan aiki ka ba wata manhaja da ta san yadda ake jera bayit ɗin da kanta, tambayar ba za ta taso ba.

Hanya ta farko: a rubuta kai tsaye

Wannan ba sabon ilimi ba ne. NetBSD, ɗaya daga cikin jikokin Unix, ta fito da makefs a fitowarta ta 1.6 a shekarar 2002. Aikinsa shi ne ya ɗauki folda da takardar da ta lissafa mai kowane fayil da izininsa, ya fitar da cikakken hoto ba tare da maƙala komai ba. Da shi da umarnin build.sh ana gina NetBSD gaba ɗayanta a matsayin gama-garin mai amfani. A ɓangaren Linux akwai genext2fs da ya daɗe yana yin irin wannan ga tsarin ext2. A 2016, fitowar e2fsprogs ta 1.43 ta ƙara wa mke2fs zaɓin -d, wanda ke cika sabon tsarin ext4 da kayan wata folda a lokacin da ake tsara shi. A 2024, fitowa ta 1.47.1 ta ba shi damar karɓar fayil ɗin tar a madadin folda, shi kuwa tar dama yana ɗauke da lambar mai kowane fayil a cikinsa.

Haka abin yake a sauran tsare-tsare. Kashin FAT da kwamfutocin zamani da Raspberry Pi ke fara tashi daga kansa, ana tsara shi a kan fayil da mkfs.vfat, a zuba masa kaya da mcopy na mtools. Tsarin SquashFS na Phillip Lougher, wanda ya shiga kanel a 2009 kuma shi ne ke cikin yawancin filashin gwajin Linux, mksquashfs ne ke gina shi, yana da zaɓin da ke mayar da duk fayiloli mallakar root da wani zaɓin da ke ƙirƙirar fayilolin na'urori daga bayanin da ka rubuta. Fayil ɗin ISO kuwa xorriso ke haɗa shi ba tare da neman izini ba. Jadawalin rabe-rabe ma sfdisk yana rubuta shi a kan fayil kamar yadda yake yi a kan faifai.

Saboda haka wanda ke son haɗa memorin da zai tayar da ƙaramar kwamfuta zai iya gina kashin FAT daban, ya gina na ext4 daban, ya tanadi babban fayil ya rubuta masa jadawali, sannan ya zuba kowane kashi a gurbinsa da dd, wanda a nan fayil ɗinsa yake rubutawa ba faifan kowa ba. Kamfanin Pengutronix na Jamus ya tattara waɗannan matakai cikin manhaja guda mai suna genimage. Fayilolin na'urori ma yawanci an huta da su, tunda devtmpfs da ya shigo kanel a 2009 yana samar da su da kansa idan na'ura ta tashi.

Hanya ta biyu: a yi wa manhajar gini wasan kwaikwayo

Wani zai ce, to ai kafin a kai ga rubuta hoto sai an shirya foldar kayan, kuma jerin umarnin girkawa suna kiran chown. Wannan matsala mutanen Debian suka magance tun 1997, lokacin da Joost Witteveen ya rubuta fakeroot. Dabararsa ita ce ya tsaya tsakanin manhaja da ɗakin karatun C. Idan manhaja ta ce a mayar da wannan fayil na root, sai fakeroot ya amsa mata da an yi, ya rubuta a kundinsa, alhali a kan faifai ba abin da ya sauya. Idan daga baya tar ko mke2fs ya zo yana tambayar mai fayil ɗin, sai a karanto masa daga kundin, shi kuma ya rubuta sifili a cikin hoto. Ba a ba kowa iko ba, ba a kuma keta dokar kanel ba, amma sakamakon ya fito daidai. Shekara da shekaru da wannan dabara aka riƙa gina ƙunshe-ƙunshen Debian da Ubuntu, waɗanda su masu maganar suke girkawa kullum.

Aikin Yocto, wanda gidauniyar Linux ta ƙaddamar a 2010 domin masu ƙera na'urori, yana da nasa mai suna pseudo, wanda ke ajiye kundinsa a rumbun bayanai na SQLite domin ya daɗe.

Hanya ta uku: keɓaɓɓen fage

A watan Fabrairun 2013 kanel ta 3.8 ta fito da cikon wani aiki da Eric Biederman ya daɗe yana yi. Shi ne ba gama-garin mai amfani damar buɗe keɓaɓɓen fage wanda a cikinsa ake ganinsa da lamba 0, alhali a waje yana nan da lambarsa ta asali. Umarnin unshare ne ke buɗe shi. A cikin fagen yana iya chroot, yana iya chown a kan lambobin da aka ware masa, amma bai isa ya taɓa fayil ɗin wani a waje ba. Lambobin ana rubuta su a /etc/subuid, kuma bisa al'ada akan ba kowane mai amfani 65,536.

A kan wannan ne Johannes Schauer Marin Rodrigues na Debian ya gina mmdebstrap, wanda ya shiga Debian 10 a 2019. Yana yin aikin debootstrap, ya sauko da ƙunshe-ƙunshe ya girka su a cikin fage, ya miƙo maka tar ko SquashFS ko ext4, ba tare da ka rubuta sudo ba. Podman da Buildah na Red Hat su ma a kan wannan tushe suke gina kwantena. Manhajar mkosi ta mutanen systemd ta bi sahu a 2023.

Hanya ta huɗu ita ce ta libguestfs, wanda Richard Jones na Red Hat ya fara a 2009. Shi libguestfs yakan tayar da wata 'yar ƙaramar Linux ce a cikin QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, ya miƙa mata fayil ɗin a matsayin faifanta. A can ciki ita ce root, tana maƙalawa tana tsarawa yadda ta ga dama, amma a wajen kwamfutarka ita manhaja ce kamar kowace. Da guestfish kana iya buɗe hoton da wani ya gina, ka gyara fayil guda, ka rufe.

Shaidar manyan masu gini

Da a ce waɗannan hanyoyi wasan yara ne, da masu ƙera na'urorin da ake sayarwa ba su dogara da su ba. Buildroot, wanda ya faro tun 2001, jagorarsa tana umartar mai gini ya yi komai a matsayin gama-garin mai amfani, kuma da fakeroot yake haɗa hotonsa na ƙarshe. OpenWrt, wanda ya samo asali a 2004 daga na'urar rarraba intanet ta Linksys WRT54G, yana gargaɗin kada a gina shi da root. Yocto ma bai tsaya ga gargaɗi ba: in ka tayar da manhajar gininsa, BitBake, da ikon root, tsayawa zai yi ya ƙi aiki.

Shaida mafi kusa da mu tana cikin aljihu. Tsarin ginin Android da Google ta fitar fili yana haɗa hoton manhajar waya ne ba tare da root ba. Akwai jadawalin da ya lissafa mai kowane fayil da izininsa, kayan ginin suna karantawa suna rubutawa cikin hoto. Mai gyaran waya a Taminus da ke yi wa Tecno ko Infinix filashin, fayilolin da yake zubawa irin wannan gini ne. Ke nan a manyan wuraren da ake wannan sana'a, gini da root ne ake ɗauka a matsayin kuskure.

To mene ne laifin sudo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙarfi. Wani dattijon sana'a zai ce, kwamfutata ce, kalmar sirrin tana hannuna, me zai sa in bi doguwar hanya? Amsa ta farko ita ce haɗari. Gina hoto yana nufin gudanar da dubban layukan umarni da wasu mutanen da ba ka sani ba suka rubuta. A 2011, jerin umarnin girka Bumblebee, wata manhaja ta masu laftof mai katin Nvidia, ya zo da tazara guda a inda bai kamata ba a cikin umarnin gogewa. Wannan tazara ta sa ya share foldar /usr gaba ɗayanta a kwamfutocin waɗanda suka gudanar da shi, domin da ikon root ake gudanar da shi. Ba mugunta ba ce, kuskuren yatsa ne. Mugunta ma tana nan: a ƙarshen Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a xz 5.6.0 da 5.6.1, kuma a cikin fayilolin gwaji da umarnin gini aka ɓoye ta. Wannan ya nuna cewa matakin gini wuri ne da masu mugun nufi ke hari.

Tsohuwar hanya tana da nata tarkon da duk wanda ya daɗe a aikin ya sani. Akan jingina /dev ko wata foldar kwamfutar a cikin sabon ginin domin girkawa ta yiwu. In aiki ya katse a tsakiya, kamar yadda yakan faru idan aka ɗauke wuta ko intanet ya yanke, sai mutum ya goge foldar ginin ya manta bai kwance jinginar ba, gogewar ta bi ta cikinta ta cinye kayan kwamfutar ta gaske. Haka wanda ya rubuta /dev/sda a maimakon /dev/sdb yana riƙe da root, faifansa ya tafi. Gama-garin mai amfani in ya yi wannan kuskure, na'ura ce za ta tare shi. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka shimfiɗa ƙa'idar cewa kowace manhaja a ba ta mafi ƙarancin ikon da zai ishe ta aikinta. Rigakafi ya fi magani.

A lura kuma, shiga rukunin docker ba mafita ba ce. A yadda aka saba girka Docker, injinsa da ikon root yake gudana, kuma duk wanda ke cikin rukunin yana iya kaiwa ga kowane fayil na kwamfutar. Mai cewa ya daina sudo ya koma Docker bai rage komai ba, sai in ya girka nau'in da ba ya bukatar root, wanda ya kammala nuna a fitowa ta 20.10 a ƙarshen 2020.

Amsa ta biyu ita ce tsabtar sakamako. Hoton da aka gina ta hanyar maƙalawa yakan ɗauko gurbin kwamfutar da aka gina shi a kai: lokacin agogonta, da yadda kanel ɗinta ta zaɓi jera kaya. Wanda aka rubuta kai tsaye kuwa ana iya daidaita shi yadda mutum biyu a wurare biyu za su fitar da fayil iri ɗaya bayit da bayit. Haka mmdebstrap yake yi idan aka tsayar masa da lokaci ta SOURCE_DATE_EPOCH. Amfanin wannan a fili yake: in wani ya miƙo maka hoto ya ce ga abin da ke ciki, kana iya sake ginawa ka gwada, ba sai ka dogara da rantsuwarsa ba.

Abin da ya rage a hannun masu maganar

Ba zan ce root ya tashi daga aiki ba. Rubuta hoton da aka gama a kan filash ko memori taɓa na'ura ce ta gaske, kuma a nan neman izini yana kan ƙa'ida. Amma umarni ɗaya ne a ƙarshen aiki, wanda mai kwamfuta zai iya dubawa da idonsa kafin ya amince. Girka kayan aikin tun farko da ware lambobi a /etc/subuid su ma aikin mai gudanarwa ne, sau ɗaya. Dabarar fakeroot ba ta kama manhajar da ke magana da kanel kai tsaye ba tare da bi ta ɗakin karatun C ba, kamar yawancin waɗanda aka rubuta da harshen Go. QEMU kuma yana da nauyi a tsohuwar laftof idan babu taimakon KVM.

Keɓaɓɓen fage ma yana da masu suka, kuma sukarsu tana da tushe. Ya buɗe wa gama-garin mai amfani sassan kanel da a da root kaɗai ke kaiwa gare su, an kuma sha samun ɓaraka ta wannan hanya. Debian ta bar shi a rufe har zuwa fitowarta ta 11 a 2021, Ubuntu 24.04 kuma ta sa masa takunkumi ta AppArmor. Ko a cikin fagen, kanel ba ta yarda a maƙala ext4 ba. Mai gudanarwar da ya zaɓi rufe shi yana da uzuri. Sai dai hanyar rubutu kai tsaye da ta fakeroot ba su dogara da fagen ba, don haka ko an rufe shi ƙofar gini tana buɗe. Abin da waɗannan iyakoki suka tabbatar shi ne ana bukatar root a wasu 'yan gurabe sanannu. Wannan ya yi nesa da cewa ba a gini sai da shi.

Me ya shafi Jos?

Garin nan yana da tarihi a wannan fanni. Jami'ar Jos, wadda ta faro a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin jami'o'in Najeriya da suka yi saurin rungumar kwamfuta da intanet. Zaman da Cliff Missen na Jami'ar Iowa ya yi yana koyarwa a cikinta a ƙarshen shekarun 1990 shi ne ya haifar da aikin WiderNet a 2000, da ɗakin karatun eGranary, inda ake cika faifai da kwafin shafukan ilimi a kai shi makarantun da intanet bai wadace su ba. Tunanin a shirya faifai a wuri ɗaya ya yi aiki a wani wuri ba baƙo ba ne a nan. Daga baya cibiyar nHub da aka buɗe a 2015 ta ƙara jawo matasa cikin rubuta manhaja.

Amma yawancin masu koyo a garin nan ba su mallaki kwamfutar da suke koyo a kanta ba. Ta ɗakin gwajin makaranta ce, ko ta shagon maigida, ko ta yayan da ya ba da aro da sharaɗi. Mai kula da ɗakin kwamfuta yana da gaskiya in ya hana ɗalibai kalmar sirrin root, domin mutum ɗaya zai iya lalata abin da ajin duka ke amfani da shi. Matsalar tana zuwa ne idan aka haɗa wannan hani mai kyau da imanin cewa ba a gini sai da root. Sakamakon ɗayan biyu ne: ko a cire darasin gina babbar manhaja daga abin da ake koyarwa a aikace, ko a raba kalmar sirrin ga kowa a zauna ana sake girka kwamfutoci. Duka biyun asara ce da ba ta zama dole ba. Mai kula da ɗaki zai iya girka e2fsprogs da mtools da squashfs-tools da fakeroot da mmdebstrap da QEMU sau ɗaya, kowane ɗalibi ya gina nasa hoton a foldarsa, ya tayar da shi a QEMU ya ga ko yana aiki, ba tare da an ba shi iko a kan komai ba. In aka ajiye kwafin ƙunshe-ƙunshen Debian a kwamfuta ɗaya ta ɗakin, kuɗin data ma ya ragu.

Haka a shago. Maigidan da ke shirya wa makarantu ko ofisoshi kwamfutoci masu manhaja iri ɗaya zai iya barin yaronsa ya gina hoton, shi kuma ya riƙe matakin ƙarshe na zubawa a faifai. Yaro ya samu ilimi, maigida bai saka kayan abokan cinikinsa cikin haɗari ba.

Roƙona ga malamanmu shi ne su sauya tambayar da suke koya wa na ƙasa. Idan na'ura ta ce ba a yarda ba, kada amsar farko ta zama sudo. A tsaya a duba wanne mataki ne aka hana, a tambaya ko kwamfutar gaske yake son taɓawa ko kuwa lamba ce kawai za a rubuta a cikin fayil. In lamba ce, akwai kayan aikin da zai rubuta ta. Wanda ke shakka kuwa, gwajin ba shi da tsada: ya buɗe sabon asusu maras iko, ya gina hoto da mmdebstrap ko Buildroot, ya tayar da shi a QEMU, ya duba mai /etc/shadow a ciki. Abin da ya gani shi zai raba gardama.